Jakar Wayoyi a Hanyar Zango

Tun ina ƙarami nake kwance rediyo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya koma karɓo mini duk wadda ta mutu a gidajen abokansa. Da na girma na zama malamin kimiyya a wata sakandare a cikin Daura, amma halin bai sake ni ba. A ɗakin da ke jikin zauren gidanmu na kafa tebur, na tara wayoyi da batura da ƙarfen narka dalma, da wasu ƙananan allunan lantarki da wani abokina mai sayar da kayan gyaran waya yake aiko mini daga Kano. Irin allunan nan ne masu 'yar ƙwaƙwalwa a tsakiya, ka haɗa su da kwamfuta ka rubuta musu umarni, su yi ta bi ba gajiya. Na yi wanda ke buga ƙararrawar makaranta, na yi wanda ke kuka in tankin ruwa ya cika. Mutanen unguwa sun ɗauki abin wasa ne da wani magidanci ya kasa bari, ba wanda ya damu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da lambu a wani ƙauye gaba da Zango, yana albasa da tumatir da rani. Famfonsa na sola ne, makunnin yana can jikin wani ginshiƙi a tsakiyar lambun, gidansa kuma a baki. Gwiwa ta fara damunsa, ga shi sai ya taka kunyoyi ya je ya kunna, ya dawo, ya sake komawa ya kashe. Ɗansa da ke aiki a kudu ya aiko masa da babbar waya, da ita yake sauraron tafsiri. Na ce masa zan yi abin da zai kunna famfon da wayar nan yana zaune a ƙofar gida. Ya yi dariya ya ce in na yi ya gani.

A lokacin wani sabon abu ya shigo hannun masu irin wasanmu: ɗan guntun allo da bai fi kan babban yatsa ba, mai magana da wayar hannu ta iska, ta hanyar nan da ake kira wai-fai. A gefensa akwai wani lanƙwasasshen zane na tagulla, shi ne eriyarsa. Na farkon da aka aiko mini a ranar na ƙone shi, don na ba shi wutar da ta fi ƙarfinsa. Ya yi ɗumi a hannuna, ya yi ƙauri, shi ke nan. Na biyun na bi shi a hankali. Na daɗe ina fama, wata rana wayata ta gan shi, wata rana ya ɓace, sai daga baya na gane duk sanda ya tashi yin magana yana zuƙar wuta da yawa, batirin kuma ba ya iya riƙe shi. Da na gyara wannan sai ya zauna daram. Na shirya masa shafi mai kalma biyu kacal, kunna da kashe. In na taɓa ɗaya, wani ɗan makunni a cikin akwatin ya ce ƙas. Da yake ba ni da famfo a ɗaki, sai na ɗaura masa ƙwan fitilar babur don gwaji.

Murna ce ta sa na fito da shi. Wata rana bayan la'asar, maza na zaune a dakalin ƙofar gidanmu kamar kullum, na buɗe taga na ajiye ƙwan a bakinta, na dawo na zauna a cikinsu. Na taɓa waya, ƙwai ya kama. Na sake taɓawa, ya mutu. Aka yi ta dariya, waya ta riƙa yawo hannu zuwa hannu, kowa yana so ya gwada da yatsansa.

Mutum ɗaya ne bai karɓi wayar ba. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, abokin mahaifina tun suna samari. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya ta Kongolam zuwa cikin Nijar. Baba nake ce masa, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ke tsaya mana a kan komai, shi ya karɓa mini aure. Ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce:

"Malam, in abin nan zai kunna ƙwai daga nesa, me kuma zai iya kunnawa?"

Na ba shi amsa da zuciya ɗaya. Na ce duk abin da ke aiki da wuta, famfo ne, fanka ce, injin niƙa ne, in dai an haɗa masa waya. Wanda wayata ke hannunsa ya miƙo mini ita da sauri.

Shekarun nan ne da kusan kowane mako rediyo ke kawo labarin tashin bam a wata tasha ko kasuwa a wasu garuruwa. Mu a Daura lafiya muke, amma ranar Juma'a sai 'yan agaji sun shafa kowa da na'ura a ƙofar masallaci, liman kuma yana yawan cewa kowa ya san wanda ke haya kusa da shi da abin da yake yi. An kuma sha faɗa cewa wasu bama-baman da waya ake tayar da su. Duk na san wannan. Ban dai taɓa haɗa shi da abin da ke kan teburina ba sai da Baba ya yi tambayar nan.

Ba wanda ya fito ya ce mini komai. Dakalin ne ya fara raguwa, zaman ya koma ƙofar wani gida. Na raɗa wa na'urar suna famfo, kuma duk mai babbar waya da ya zo kusa da tagata sai ya ga sunan ya fito masa a fuskar waya. Daga nan magana ta tashi cewa abin yana tsotse duk abin da ke cikin wayar mutum, wasu suka ce yana jin hirar cikin gidaje. Maiɗakina tana ɗinki, ta gaya mini matan da ke kawo mata kaya sun koma barin wayoyinsu a gida, wata ma daga tsakar gida take miƙo atamfa ta juya. Mai shayin bakin titi ya tambaye ni wane masallaci na yi asuba, bai ganni a namu ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a mun saba da irin wannan tambaya, amma a da nasiha ce, a yi ta a wuce. Wannan karon ya tsaya yana jiran amsa, yana kallon bakina. Mai unguwa ma ya ratso ta layinmu ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, idonsa yana bisa kafaɗata, a kan tagar.

Ni ma sai na fara kallon mutane. In babur ya tsaya a tsallaken gida sai na leƙa ta labule. In aka yi shiru da isowata sai na riƙe fuskokin da ke wurin. Da na ga Baba ya fito daga zauren mai unguwa wata safiya, sai na yanke a raina cewa shi ne ya kai ƙarata.

Inna, mahaifiyata, ta ƙara mini ƙarfin zargin ba tare da ta nufa ba. Ta ce Baba ya shigo gaishe ta, ya tambaye ta ko wane ne abokin nan nawa na Kano, ko na canza masallaci, ko wa'azin wa nake ji in na rufe ɗaki. Ta ce akwai ɗan wani abokin tuƙinsa, mai ilimi, mai shiru-shiru, da ya riƙa kulle kansa a ɗaki, iyaye suna murna yana karatu, har ranar da aka neme shi aka rasa, daga baya aka ji ya shiga cikin masu tayar da bama-baman nan. Baba ne ya raka uban yawon nema. Ta ce in yi masa uzuri, tsoro ne ke cinsa. Na ce in tsoro ne ai ƙofata a buɗe take, ya shigo ya duba. Ta ce in je in faɗa masa haka. Ban je ba, shi ma bai shigo ba. Muna haɗuwa a sahu, mu gaisa, kowa ya kama gabansa.

Wata Asabar da hantsi na shirya kai wa Kawu kayansa. Na rufe allon da makunnin a cikin wata robar abinci, na huda gefenta wayoyi suka fito, na haɗa da batirin babur da ƙwan gwaji da kayan aikina, na zuba a jaka. Ina tsaye a tasha ana jiran mota ta cika sai ga Baba da sandarsa. Ya ce Zango za shi duba wani rago. Ban taɓa jin yana neman rago ba, kuma ba ranar kasuwa ba ce. Ya shiga ya zauna kusa da ni a baya. Ya ce in kawo jakar ya riƙe mini tunda ƙafafuna dogaye ne, na ce ya bar shi, ba nauyi. Na ɗora ta a cinyata. Da mota ta tashi sai na ga ya saƙala yatsunsa a igiyar jakar, yana kallon gonakin da aka girbe ta taga kamar bai san hannunsa yana wurin ba.

Kafin a shiga Zango akwai shinge, buhunan yashi da ganguna, da sojoji a ƙarƙashin wata bishiya. Direbanmu ɗan hanya ne, sun san shi. Ya rage gudu, suka gaisa, wani soja ya leƙo ya ɗaga hannu mu wuce. A nan Baba ya ɗago murya.

"Yallaɓai, a duba jakar nan."

Aka ce kowa ya fito. Sojan ya sa na ajiye jakar a ƙasa na buɗe da kaina. Da ya ga roba da wayoyi ja da baƙi suna fitowa daga cikinta, ga batir a gefe, sai ya ja da baya ya gyara riƙon bindigarsa ya kira babbansu. Fasinjoji suka watse zuwa bayan ganguna. Wata mata ta fara salati ƙasa-ƙasa. Ni dai na ɗaga hannuwana ba tare da an ce in ɗaga ba.

Babban nasu ba mai hayaniya ba ne. Ya karɓi katin aikina da wayata, ya tambaye ni mene ne wannan. Na yi masa bayanin Kawu da gwiwarsa da famfo. Ya tambayi Baba ko ya san ni, Baba ya ce a gabansa aka haife ni. Ya ce to me ya sa ya ce a duba. Baba ya ce saboda ya san ni, amma bai san abin da ke cikin robar ba.

Ofisan ya nuna ɗan allon ta saman murfi, ya ce da wa abin yake magana. Na ce da wayata kaɗai. Ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Amma ina faɗa ina jin wani abu a raina, don umarnin da ke ciki ni na rubuta, amma baƙar ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar allon daga wata ƙasa ta zo, ban taɓa ganin cikinta ba, kuma da zai ce in rantse a kan duk abin da take yi da ban iya ba. Bai ce in rantse ba. Ya ce in gwada su gani.

Ya sa na ɗauki kayan na kai can cikin wata gonar gero da aka girbe, na haɗa batir da ƙwai, na dawo. Ya miƙo mini wayata, ya tsaya a bayana. Na duba, babu sunan famfo. Tazarar ta yi yawa, maganar ba ta kawowa. Na gaya masa sai mun matsa. Ya dube ni ya ce ashe ba daga nesa ake kunnawa ba. Na ce daga nesa ne, amma ba irin wannan nisan ba. Na ga bai ji daɗin amsar ba. Ya ce to ni kaɗai in matsa, su suna nan, kuma kada in yi wani motsin da ba su gane ba.

Na fara tafiya sai na ji takun sanda a bayana. Ofisan ya ce tsoho ya dawo, Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya wuce ni, ya isa wurin kayan, ya tattare rigarsa ya zauna a kan kunya. Ya ɗauki robar ya ɗora a cinyarsa, ya riƙe ƙwan a hannu. Sannan ya ɗago ya kafe ni da ido.

"To, Malam, taɓa."

Ba ƙwan yake kallo ba, fuskata yake kallo. Na gane so yake ya ga ko hannuna zai tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in jefar da wayar in tafi, amma na san in na yi jinkiri ko na ƙiftawar ido ne, shi ke nan, ya samu amsarsa. Sunan ya fito a waya, na buɗe shafin, na taɓa. Makunni ya ce ƙas. Na ga kafaɗunsa sun motsa. Rana ta yi ƙarfi, ba a ganin hasken, sai ya cire hularsa ya yi wa ƙwan inuwa ya leƙa. Ya ce in kashe. Na kashe. Ya ce in sake. Muka yi ta yi har ofisan ya gaji da tsayuwa ya tako da kansa, ya buɗe robar ya jujjuya allon, ya shinshina, ya gwada da yatsansa.

Ya sallame mu, amma ya ce in daina yawo da irin wannan kaya a motar haya ba tare da na faɗa tun a tasha ba, don ba kowane shinge ne za a tsaya a saurare ni ba. Gaskiya ya faɗa. Da muka koma mota matar nan ta ƙi shiga, ta ce za ta jira wata. Sauran suka matse gaba suka bar mana baya ni da Baba.

A Zango Baba bai nemi wani rago ba. Ya hau babur na haya ya bi ni har ƙauyen. Kawu ya yi murnar ganinsa, sun san juna tun bikin mahaifiyata, suka zauna a ƙofar gida suna hirar tsofaffin hanyoyi, ni kuma na shiga lambu na ɗaure robar a jikin ginshiƙi na haɗa ta da makunnin famfo. Ba wanda ya ba Kawu labarin shinge. Da na gama na nuna masa inda zai taɓa a wayarsa. Ya taɓa, muka ji famfo ya ɗauka, ruwa ya fara bin kwalbati. Ya saurara, sannan tambayar da ya fara yi ita ce ko duk mai waya da ya ratsa ta bakin lambu zai iya kunna masa famfo. Na ce akwai kalmar sirri. Ya ce wa ya san ta. Na ce ni da shi. Ya ce in canza ta zuwa wadda zai zaɓa, in juya baya ya shigar da kansa. Haka aka yi. Baba ya yi dariya, karo na farko a ranar.

A hanyar dawowa na jira ya ce wani abu, ko haƙuri ko bayani. Abin da ya ce kawai shi ne albasar Kawu ta yi kyau bana. Ni ma ban tayar da maganar ba.

Daga baya na ji ya gaya wa mutanen dakali cewa ya gani da idonsa, makunnin famfo ne, har a cinyarsa ya riƙe shi. Wasu suka yarda suka dawo zama. Wasu suka ce me zai ce dama, ɗan amininsa ne. Na kwashe teburina na mayar ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, inda ƙofa take a buɗe kuma kowa ke wucewa. Robar Kawu ta yi aiki 'yan shekaru, har tururuwa suka yi gida a ciki suka lalata ta. Ko a lokacin da take aiki, an ce in ya taɓa kashe sai ya tashi ya leƙa kwalbati ya tabbatar ruwa ya tsaya.

Bayan abubuwa sun lafa, an daina shafa mutane a ƙofar masallaci, na haɗu da mai unguwa a wurin wani suna, muka samu kanmu a tabarma ɗaya. Hira ta kawo mu kan wancan lokaci, sai na tambaye shi kai tsaye ko Baba ne ya kai ƙarata. Ya ce a'a. Ya ce lallai an kawo magana, har an so ya kai ta gaba, amma Baba zuwa ya yi ya roƙe shi ya dakata sai ya bincika da kansa. Na ce to wa ya kawo? Ya ɗauki goro ya ɓare, ya ce mutum ne da nake gaisawa da shi kullum, kuma ba zai faɗa ba, don shi ma a ganinsa alheri ya yi wa unguwa.

Har yanzu ina zama a dakalin nan bayan la'asar. Yawancinsu su ne dai mutanen wancan lokaci, sai waɗanda suka rasu. Muna shan shayi, muna gardamar farashin taki da wanda zai ci zaɓe, in wayar wani ta ƙi caji ni yake miƙo wa.